Yadda Ake Haɗa Hujjoji da Takardu Kafin a Tsaya Gaban Kotun Iyali

Alƙalin da zai saurari shari'arka bai san ka ba, bai san wanda kuke shari'a da shi ba, bai taɓa ganin yaranku ba. Zaman da aka yi na shekara goma, shi a cikin awa ɗaya ko biyu zai ji labarinsa, ga kuma fayil-fayil na wasu mutane jibge a kan teburinsa suna jiran layi. Don haka abin da bai zo gabansa a rubuce ba, da kwanan wata, a jere yadda zai bi ya gane, a wurinsa kamar bai faru ba ne. Mutane da dama suna shiga kotu da gaskiyarsu su fito hannu rabbana, saboda sun tafi da labari a baki da tarin takardu a hargitse cikin leda.

Dokokin aure da saki da riƙon yara sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, wani lokaci ma daga jiha zuwa jiha, amma aikin shirya hujja kusan iri ɗaya ne ko'ina. Uwa ce ko uba, mai ƙara ko wanda ake ƙara, tafiyar duk guda ce.

Fara da tambayar da alƙali zai amsa

Kafin ka taɓa takarda ko ɗaya, ɗauki biro ka rubuta abin da kake roƙon kotu a jimla ɗaya ko biyu. Raba aure kake nema, ko riƙon yara, ko ranakun ziyara, ko kuɗin ciyarwa, ko rabon dukiya, ko umarnin da zai hana wani ya kusance ka? Kowanne da irin hujjarsa. Wannan 'yar takardar ita ce rariyar da za ka tace komai da ita nan gaba.

Idan maganar yara ce, kotu ba ta zauna don ta gano wa ya fi laifi a mutuwar auren ba. Sashe na 3 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka amince da ita a 1989, ya ce a duk hukuncin da ya shafi yaro, maslaharsa tana sahun gaba cikin abin da za a duba. Dokar yara ta Ingila, ita ma ta 1989, ta ma jero wa alƙali abubuwan da zai auna: abin da yaron yake so gwargwadon shekarunsa da hankalinsa, buƙatunsa na jiki da na zuciya da na karatu, yadda sauyin wuri zai taɓa shi, cutarwar da ya fuskanta ko yake iya fuskanta, da kuma iyawar kowanne daga cikin iyayen. Ko a wace ƙasa kake, ka auna takardunka da wannan jerin, ba za ka yi nisa da abin da alƙalinka yake nema ba.

A nan ne abin yake da ɗaci. Zagin da aka yi wa mahaifiyarka, kyautar da aka raina, wulaƙancin da aka yi maka gaban baƙi, duk sun yi ciwo, amma idan ba su taɓa yaron ba, ba su amsa tambayar alƙali ba. Katin rigakafi guda ɗaya da ya nuna wa ke kai yaro asibiti ya fi saƙonnin baƙar magana ɗari nauyi.

Ka kuma sani cewa wanda ya yi da'awa shi ne zai kawo hujja. A mafi yawan shari'un iyali ba a neman tabbaci irin na shari'ar laifi. Rinjaye ake dubawa, wato maganar wa ta fi kama da gaskiya idan an ɗora su a ma'auni.

Ka leƙa rajistar kotu da wuri

Je ofishin rajistara, ko ka duba shafin kotun a intanet, ka samo amsar abu huɗu: wane fom ake cikewa, kwafi nawa ake so, kwana nawa kafin zama ake shigar da takardu, kuma shin dole ne a fara gwada sulhu. A Ingila, tun 2014, mai son kai ƙara kan yara ko dukiya sai ya fara halartar zaman bayani kan sulhu, sai fa idan akwai uzuri kamar duka ko gaggawa. Ma'aikatan rajista za su gaya maka tsari, amma ba aikinsu ba ne su ce maka ga abin da za ka faɗa. Idan ba ka da halin ɗaukar lauya, tambayi inda ake ba da taimakon shari'a kyauta. Ko zama ɗaya ka samu da lauya ya duba maka takardu, ya fi babu nesa ba kusa ba.

Jadawalin abin da ya faru

Wannan shi ne aikin da ya fi kowanne rage wahala, kuma shi aka fi tsallakewa. Raba takarda gida uku: rana, abin da ya faru, hujjar da ke tabbatar da shi. Layi ɗaya ga kowane lamari, ba sharhi, ba zagi. Ga misali:

3 ga Fabrairu. Ta tafi da yara. Hujja: saƙon da ta turo da ƙarfe 9 na dare.
17 ga Fabrairu. Na je ganin yara, ba a bar ni na shiga ba. Hujja: maƙwabcin da ya raka ni.
Farkon Maris. Na biya kuɗin makaranta na zango na biyu. Hujja: babu tukuna, a nemi kwafin rasit a makaranta.

Layi na uku shi ne amfanin jadawalin. Duk inda gidan hujja ya zauna fanko, ka san inda za ka nufa gobe. Inda ba ka tuna rana daidai ba, rubuta "farkon Maris" ko "wajen ƙarshen shekara". Kada ka ƙirƙiro rana don layin ya yi kyau, domin idan ɗaya ɓangaren ya fito da tikitin da ya nuna ba ya gari a ranar, sauran maganarka ma ta shiga uku.

Daga yau kuma ka riƙa rubuta abin da ke faruwa a ranar da ya faru: wa ya zo ɗaukar yara, ƙarfe nawa, wa ya fasa zuwa. Rubutun da aka yi nan take ya fi wanda aka haɗa daga tunani bayan wata shida ƙarfi a idon kotu.

Takardun hukuma: su za ka fara nema

Su ne suke cin lokaci, don ba a hannunka suke ba. Takardar shaidar aure, takardar saki idan akwai, takardun haihuwar yara, duk wani hukunci ko yarjejeniya ta baya, sakamakon makaranta da rajistar halarta, katin asibiti, rahoton likita, da rahoton 'yan sanda idan an taɓa kai ƙorafi. Nemi kowacce a rubuce, ka riƙe kwafin wasiƙar neman, saboda idan ta makara ka nuna wa kotu cewa jinkirin ba daga gare ka ba ne.

Na asali su zauna a wurinka cikin ambulan daban. Kwafi ake miƙawa, sai ka zo da na asalin ranar zama don a gani. Takardar da ta fito daga wata hukuma, kotuna da yawa ba sa karɓar kwafinta sai wanda hukumar ta buga wa hatimi ta tabbatar. Ka zauna ka duba sunaye harafi-harafi. Sunan yaro da aka rubuta iri ɗaya a takardar haihuwa, wani iri a makaranta, ya isa ya sa a ɗage zama; a gyara shi tun da wuri, ko a yi takardar rantsuwa cewa mutum ɗaya ne.

Idan an yi auren ko haihuwar a wata ƙasa, takardar tana buƙatar tantancewa. Ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Hague ta 1961 suna karɓar hatimi guda da ake kira afostil, sauran kuwa sai an bi ta ma'aikatar harkokin waje da ofishin jakadanci. Abin da ba a harshen kotu yake ba, ƙwararren mai fassara ne zai fassara ya sa hannu, ba ƙaninka da ya iya yaren ba.

Maganar kuɗi

A shari'ar ciyarwa da rabon dukiya kowane ɓangare zai bayyana abin da yake samu da abin da ya mallaka. Fom E, wanda kotunan Ingila ke amfani da shi, yana neman bayanan kowane asusun banki na wata 12 da takardun albashi uku na baya-bayan nan. Ko kotunka ba ta faɗi adadi ba, wannan ma'auni ne mai kyau. Ƙara da takardun gida ko fili, yarjejeniyar haya, takardun mota, basussuka da haraji. Mai sana'ar kansa ya kawo littafin ciniki da rasit na sayen kaya.

Mai neman ciyarwa ta rubuta abin da yara ke ci a wata: abinci, makaranta, magani, sutura, kuɗin mota, rabonsu na haya. Kowane layi a jingina shi da rasit inda ya samu. Kada a zuzuta. Alƙalai ma suna zuwa kasuwa.

Mai bayarwa kuwa, babbar matsalarsa kuɗin hannu. Ka shekara kana miƙa tsaba, ranar shari'a a ce ba a taɓa gani ba, ba ka da bakin magana. Daga yanzu ka riƙa turawa ta banki ko ta waya, ka rubuta dalili a gurbin bayani: "ciyarwar yara, watan Mayu".

Ɓoye dukiya ganganci ne. Idan ta fito daga baya, kotu na iya warware hukuncin ta kuma ɗora maka kuɗin shari'a. Haka nan kada zargin cewa ɗayan yana ɓoyewa ya kai ka ga fasa wayarsa ko imel ɗinsa. A 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta yanke cewa zaman aure bai halatta wa mutum kwashe takardun sirri na abokin zamansa ba da izini ba, kuma a ƙasashe da dama kutse irin wannan laifi ne mai zaman kansa. Hanyar da ta dace ita ce ka roƙi kotu ta umarce shi ya fito da su.

Abin da ke cikin waya

Yanzu hujja mai yawa ta shari'ar iyali a waya take, kuma a nan aka fi yin ɓarna.

Abu na farko, kada ka goge komai, har da saƙonnin da kai ka turo cikin fushi. Ɗaya ɓangaren yana da nasa kwafin, kuma hirar da aka ga an yi mata giɓi tana jawo tambaya. Duba ko an kunna saƙonni masu ɓacewa a WhatsApp, waɗanda ke gogewa bayan awa 24, ko kwana 7, ko kwana 90. Idan an kunna, ka adana abin da ke akwai yau ɗin nan.

Idan za ka ɗauki hoton allo, a ga lambar mai turowa, ba sunan da ka ba shi a wayarka kawai ba, a ga rana da lokaci, a ga abin da aka faɗa kafin saƙon da bayansa. Layi ɗaya da aka yanko daga tsakiyar hira ba ya burge alƙali, ya san an yanko shi. Ya fi kyau ka fitar da dukan hirar ta hanyar da manhajar ta tanada, ka tura wa kanka ta imel, sannan ka zaɓi shafukan da suka shafi batun ka buga a takarda. Saƙon murya a rubuta shi kalma-kalma, a sa rana da tsawonsa, a kuma ajiye ainihin sautin a filas ɗin kwamfuta. Hotuna a bar su yadda kyamara ta ɗauka, domin a cikin fayil ɗin asali ne ranar ɗauka take. Hoton da ya bi ta WhatsApp ko Facebook yawanci ya rasa wannan bayanin. Wayar da kanta kada a sayar, kada a yi mata wankin ƙwaƙwalwa, wato goge duk abin da ke cikinta, har a gama shari'a.

Wasu ƙasashe suna da sharaɗi na musamman. A Najeriya, a kotunan da Dokar Shaida ta 2011 ke aiki, sashe na 84 yana neman a haɗa abin da aka ciro daga kwamfuta ko waya da takardar shaida mai bayanin na'urar da yadda aka fitar da shi. Rashin wannan takarda guda ya isa a ƙi karɓar hujjar da babu shakka a kanta. Tambayi rajista ko lauya ko akwai irin wannan a inda kake.

Naɗar murya a ɓoye kuwa, a yi hattara. A Amurka kaɗai, jihar Niyok ta yarda mutum ya naɗi hirar da shi ma yake ciki, amma a Kalifoniya sai kowa ya amince idan hirar ta sirri ce. Ko inda doka ta yarda, ni ban ga ranar da naɗar yaro a ɓoye ta taimaki mai yin ta ba. Uban da ya kunna waya yana tambayar 'yar shekara shida "faɗa min abin da mamanki ta yi", a zatonsa hujja yake haɗawa, alhali abin da alƙali zai ji shi ne babba yana jefa yarinya tsakiyar rigima.

Idan akwai duka ko barazana, lissafin ya canza. A je asibiti a ranar, a gaya wa likita abin da ya faru don ya shiga kati, a ɗauki hoton rauni kusa da nesa yadda fuska za ta fito. Kwafin komai ya zauna a wajen gida, wurin wanda aka amince da shi, ko a sabon imel da ɗayan bai san da shi ba. Kuma ba sai hujja ta kammala ake neman umarnin kariya na gaggawa ba.

Shaidu

Shaida shi ne wanda ya gani da idonsa ko ya ji da kunnensa, ba wanda aka ba labari ba. Kafin ka rubuta sunan kowa, zauna da shi ka ji iyakar abin da ya sani.

"Gwaggo, ranar da abin nan ya faru, kina cikin ɗakin ne ko daga baya kika shigo?"

"Ai 'yar nan, ni ihu na jiyo. Ko da na iso ya riga ya fita, na same ki a ƙasa leɓe a fashe."

"To Gwaggo, iyakar abin da za ki faɗa ke nan, don Allah kada ki ƙara ko kalma ɗaya."

Wannan shaidar tana da ƙarfi yadda take: ihu, lokaci, rauni. Amma idan ƙauna ta sa Gwaggo ta ce ta ga dukan, lauyan ɗaya ɓangaren zai tambaye ta da wane hannu, ina take tsaye, ƙofa a buɗe ko a rufe, kafin minti biyar maganar ta watse har da gaskiyar da ke cikinta. Shaidu biyu da ba su da riba a shari'ar, irin malamin aji ko ma'aikaciyar jinya, sun fi 'yan uwa goma masu magana da baki ɗaya.

Yara ba shaidunka ba ne. Sashe na 12 na yarjejeniyar 1989 ya ba yaro haƙƙin a ji ra'ayinsa, amma kotu ce ke tsara yadda za a ji, galibi ta hannun jami'in walwala. A Ingila hukumar Cafcass, da aka kafa a 2001, ita ke wannan aikin. Jami'an nan sun saba, suna gane yaron da aka yi wa bita. Rahoton ƙwararru ma, kamar gwajin DNA ko na lafiyar ƙwaƙwalwa, a nemi izinin kotu tukuna. Gwajin da ka yi da kanka a gida, ba wanda ya tabbatar daga jikin wa aka ɗauki samfurin, da wuya a karɓe shi.

Rubuta bayaninka

Yanzu jadawalin nan zai zama bayani. Kowane sakin layi da lambarsa, magana ɗaya a kowanne, daga farko zuwa ƙarshe bisa tsarin rana. Kwatanta waɗannan biyun.

"Mugu ne, bai taɓa damuwa da 'ya'yansa ba, kowa ya san halinsa."

"Daga Afrilu zuwa Satumba bai turo kuɗin ciyarwa ba sai sau ɗaya, ranar 6 ga Yuni. Na tuna masa a rubuce sau uku. Duba bayanan banki a shafi na 22 zuwa 27, da saƙonni a shafi na 31."

Na farko rasit ɗaya ya isa ya rushe shi, don an ce "bai taɓa ba". Na biyu kuwa alƙali zai buɗe shafin ya gani, ya yanke wa kansa hukunci kan halin mutumin ba tare da an gaya masa ba. Ka guji "kullum" da "ko sau ɗaya" sai inda haka ɗin ne tabbas.

Abin da ka san za a jefe ka da shi, kai ka fara faɗarsa: watannin da ka rasa aiki, ranar da ka ɗaga murya, maganin da kake sha. Faɗi abin da ya faru da abin da ka yi a kai. Ka rufe da tsarin da kake ba da shawara a aikace, wato ina yara za su kwana, wa zai kai su makaranta, yaya za a yi da hutu, a ina za a riƙa miƙa su. Bayanin nan rantsuwa ce, ƙarya a cikinsa laifi ne. Idan wani ne ya rubuta maka, a karanta maka shi kaf a harshen da kake ji kafin ka sa hannu.

Ɗinke kundin

Jera takardu kashi-kashi: fom da umarnin kotu, jadawali, bayanan shaidu, takardun kuɗi, na makaranta da asibiti, saƙonni. Cikin kowane kashi, tsohuwa a gaba, sabuwa a baya. Sai ka sa lambar shafi daga farkon kundin har ƙarshensa ba tsallake, ka yi shafin farko mai nuna abin da ke ciki da inda yake. Sai an gama wannan ake cike lambobin shafi a cikin bayani, in ba haka ba za su saɓa.

Sannan ka dawo da 'yar takardar nan ta farko ka bi kundin shafi-shafi: wannan yana amsa tambayar alƙali? Idan a'a, cire shi. Kotunan iyali na Ingila sun ƙayyade kada kundi ya wuce shafi 350 sai da izinin alƙali, kuma shari'u da yawa ba sa buƙatar ko rabin haka.

A yi kwafi iri ɗaya sak, lambobinsu ɗaya: na alƙali, na ɗaya ɓangaren, naka, da na shaida. Hujjar ba-zata ba ta aiki a nan. Dole ɗayan ya ga takardunka kafin zama, ta hanyar da kotu ta tsara, kai kuma ka riƙe shaidar cewa an kai masa. Wadda ke ɓoye adireshinta saboda tsaro ta sanar da kotu, ta kuma bi kowane rasit da wasiƙar makaranta ta rufe adireshin kafin a yi kwafi, don ta nan yake zillewa. Kada ko shafi ɗaya ya hau Facebook ko zauren WhatsApp na dangi. Shari'ar yara a sirrance ake yin ta a yawancin ƙasashe, yaɗa takardunta na iya zama raina kotu.

Ranar zama

Ka isa da wuri da kundinka, da ambulan na takardun asali, da katin shaida, da waya cike da caji, da biro. Idan kana buƙatar tafinta, tun kafin ranar ake sanar da rajista. In an tambaye ka, amsa abin da aka tambaya, ka ambaci shafi: "Ranka ya daɗe, yana shafi na 31." Abin da ba ka tuna ba, ka ce ba ka tuna ba. Idan ɗayan ya faɗi abin da ba haka ba ne, rubuta shi ka jira lokacinka.

Kafin ka bar harabar kotu, tambayi yaushe za a karɓi umarnin a rubuce. Da ya zo hannu, ka kwafe duk ranakun da ke ciki, ranar miƙa ƙarin takardu da ranar zama na gaba, ka sa umarnin a kashin farko na kundin, ka gyara shafin da ke nuna abin da ke ciki.